Rami Daban, Damo Daban

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru a gidan wani ɗan'uwanmu likita a unguwar Mesaimeer da ke Doha, a ci tuwo a taɓa hira. Yawancin masu zuwa yara ne, ɗalibai da injiniyoyi, ni kaɗai ne mai furfura a cikinsu. A can ne wata rana Bilkisu, wadda ke digiri na biyu a fannin muhalli, ta fito daga ɓangaren mata ta gaishe ni, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Malaminta ya ba ta aiki a kan yadda farauta ke rage wata dabbar ruwa da ake kira biba a gandayen dajin ƙasashen sanyi.

"Baba, ashe aikin naku ba wuya," in ji ta. "Ga lambobin nan a jere, shekara kaza gida kaza. Kwana biyu na gama."

Nura injiniya ya kwashe da dariya ya ce, "Ni dai na daɗe ina faɗa, Baba Haladu kuɗin shan iska yake karɓa. A ɗauke ka a mota mai sanyi a kai ka sahara ka yi ta kallon ƙadangaru."

Na ce, "'Yata, duba mini, gidajen aka ƙirga ko masu gidan?"

Ta duba ta ce gidajen. Na ce to ta jawo kujera. Abin da na gaya musu ran nan shi ne nake rubutawa, har da wanda la'asar ta katse mini.

Sana'ata ƙirga namun daji, kuma na haura shekara talatin a cikinta. Na fara ne a wani gandun daji a fadamun Haɗeja, da takardar difloma a aljihu da sabon takalmin da ke cizon ƙafa. Aka haɗa ni da Baba Mato, tsohon maharbi da ya jingine bindigar toka ya karɓi kakin gadi. Ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Aikin farko da aka ba mu shi ne mu gano yawan karen ruwa da ya rage a wani tafki da kacalla ta fara cinyewa. Muka shiga kwalekwale, shi yana tuƙi da gora, ni ina zaune da littafi kamar alƙali. Duk ramin da na hango a gaɓa, a ƙarƙashin saiwar giyayya, sai in ja layi. Da rana ta take ya ce, "Ɗan boko, nawa ka samu?"

Na ce, "Tara."

Ya ce, "Madalla. To mu koma ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya."

Ya sauke ni a ramin farko ya ce in durƙusa in sa hanci. Ƙamshin ƙasa kawai na ji. Ya nuna mini kashin da ke gefe, fari fat, yana taɓa shi da sanda ya wargaje. Ya ce mai wannan gidan ya fi wata shida da zama fata a kasuwa. A na huɗu kuwa tun kafin in durƙusa ƙarni ya bugi hancina. Kashin baƙi ne, ɗanye, cike da ɓawon ƙaguwa da ƙayar kifi, ga kuma santsi a taɓo inda dabbar ke sulalawa cikin ruwa. Cikin tarana, biyu ne ke da mai gida. Sauran kuwa masunta sun kashe masu gidan, don karen ruwa na yaga musu gura ya cinye kifin da ke ciki, fatarsa kuma tana da masu saye.

Shekara shida na yi a bayan Baba Mato. Shi ya koya mini cewa maharbi ba ya ɗaukar dabba ɗaya. In ya harbi uwa mai shayarwa, ya kashe 'ya'yan da ke rami ba tare da ya gan su ba. In ya zaɓi manya, kuma kullum manya yake zaɓa, ya bar gari ga yaran da ba su isa haihuwa ba. Waɗanda suka tsira kuma sai su sauya hali, su daina fitowa lokacin da aka saba ganinsu, har ka yi zaton sun ƙare alhali suna nan. Yakan kuma buga allon da aka kafa a iyakar gandu da sandarsa ya ce, "Wannan mu aka rubuta wa. Nama ba ya karatu." Maharbi mai wayo ba ya ma shiga gandu, zama yake a bakin iyaka ya jira.

Wani malamin jami'a da na taɓa yi wa jagora a fadama shi ya yi mini hanyar zuwa Doha, wajen wani ƙaramin kamfani mai binciken muhalli. Da na sauka a filin jirgi na hangi ƙasar ta taga, sai na ce a raina me za a ƙirga a nan ban da duwatsu. Ashe damo ne. Larabawa na ce masa dabb. Na nan ya ɗan bambanta da namu, wutsiyarsa kauri gare ta, duk ƙaya, kuma ganye yake ci. Amma haƙurin iri ɗaya ne. Yana haƙa rami a ƙasa mai tsakuwa, kusa da abin da suke kira rauda, wato ɗan kwari inda ruwan sama kan taru har ciyawa da kurna su fito. Da sanyi ya shigo sai ya shige ya kwanta, ba ka ƙara ganinsa sai zafi ya dawo.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai madubin hangen nesa, da na'urar da ke nuna maka daidai inda kake tsaye, da sanda, da littafi da fensir, don biro kan yi amai a zafin nan, waya kuma takan suma tun kafin azahar. Amma babban makamina ƙaramin madubin aski ne. Da shi nake kama hasken rana in jefa cikin rami in ga abin da ke ciki. Ba a zura hannu a ramin damo. Maciji na kwana a ciki, kunama na kwana a ciki, bushiya da ƙananan tsuntsaye ma kan fake a bakinsa in rana ta yi tsanani. Damo ɗaya ya haƙa, amma unguwa guda ke cin moriyar inuwar. Ramin da ke da mai shi bakinsa a share yake, akwai layin da wutsiya ta ja a tsakanin sawun ƙafafu, akwai kashi mai ɗan farin kai. Wanda aka bari kuwa gizo-gizo ne ke fara yi masa labule, sannan iska ta soma cika shi da rairayi. Sai dai a ƙasa mai tauri irin wannan rami kan shekara biyu ko fiye bakinsa a buɗe, mai shi kuwa an daɗe da cinye shi.

Abokin tafiyata shi ne Abu Rashid, wani dattijo ɗan ƙasa da ke gadin gandun da muke bibiya a yammacin ƙasar. A sahara aka haife shi, kuma shi ma ya ci damo a ƙuruciyarsa. Ni da 'yar Larabcin makarantar allo da ta kasuwa, shi da Turancin da bai wuce kalma ashirin ba, haka muka yi shekaru muna fahimtar juna. Abu Usman yake kirana, da sunan babban ɗana. Mukan isa da hantsi mu ajiye mota nesa, mu zauna a ƙasa. Damo kan fara leƙo da kai, ya daɗe a haka, sannan ya fito ya baje a bakin rami, launinsa toka-toka. Yana shan rana yana sauyawa har ya koma ruwan ɗorawa. In ka yi tari a lokacin, ka sayi zaman wata sa'a guda.

Aikin da ya fi kawo wa kamfaninmu ciniki a shekarun da ake ta gine-ginen gasar cin kofin duniya shi ne kwashe damo daga inda za a yi hanya ko a binne bututu. Na tuna wani da muka yi a yamma da Al Rayyan. Wani ƙaton namiji ya haƙa raminsa daidai tsakiyar inda titi zai bi. Muka ɗana masa zarge na igiya mai laushi a bakin rami, safiya uku yana leƙowa yana komawa. Shugaban leburori ya ajiye katafila a bayanmu, yana duba agogo yana cewa a kan ƙadangare ɗaya za a tsayar masa da mutum arba'in. Rana ta huɗu muka kama haƙa da ƙaramin shebur, da hannu in an zo kusa. Ramin ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya nutse har sai da ƙasa ta kai mini ƙirji. Muka same shi a ƙurya ya kumbura jikinsa ya tokare bango, ya juyo mana da wutsiya. Tabon da ke bayan hannuna na dama nasa ne. Muka sa shi a jakar yadi, muka kai shi gandu, muka fara masa haƙa ya ƙarasa da kansa.

Masu ba mu aiki iri uku ne. Akwai mai son ya san gaskiya, akwai mai son takarda kawai ya sa a fayil, akwai kuma wanda ya riga ya san lambar da yake so, sa hannunka yake nema. Na ukun ya fi kowa fara'a.

A wurin aikin titin nan ne na zauna da wani Bature da ya yi shekaru yana ƙirga biba a ƙasarsu, kuma daga bakinsa na san abin da na gaya wa Bilkisu. Ya ce dabbar kamar ƙatuwar gafiya take, da faffaɗar wutsiya. Da haƙori take sare itatuwa ta datse rafi, ruwa ya taru, ta gina ɗaki na itace da taɓo a tsakiya. Ana farautarta da tarko saboda fatarta. Ya ce ɗakin kan daɗe a tsaye bayan an kama masu shi, don haka su ba ɗaki suke ƙirgawa ba. Gab da sanyi suke zagayawa su nemi ɗakin da aka tara ɗanyun rassa a ƙofarsa, abincin da iyalin suka tanada. Inda babu tarin nan, babu kowa. In kuma aka kwashe iyali, ba mai gyaran madatsa, wata rana ta ɓalle, tafkin ya tsiyaye, agwagwa da kwaɗi da kifi su bi. Ya ƙara da cewa ko a gandun da aka hana farauta, matasan da suka bar gidan iyaye don neman nasu wurin sukan bi rafi su fita iyaka, tarko kuwa na nan na jiransu. Na ce masa wani tsoho da bai taɓa ganin ƙanƙara ba ya riga shi gaya mini wannan.

Sai ga shekarar korona. Ta zo daidai lokacin da damo ke fitowa, lokacin da ya kamata mu yi zagayen farko. Aka rufe gari, aka ƙayyade mutanen da za su shiga mota ɗaya, ba ka shiga ko'ina sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka ɗauke da cutar. Abu Rashid na da ciwon suga, aka ce ya zauna a gida. Masu sintiri a gandu suka ragu. Shugabarmu, Dakta Salwa, 'yar Sudan ce, mace mai ƙoƙari da ke riƙe da mu mutum shida. Ta ce tun da ba za mu iya fita ba, a aika ɗan jirgin nan marar matuƙi ya ɗauko hoton wurin daga sama, mutum ɗaya ya isa. Aka yi haka. Na zauna a ɗakina a Mesaimeer ina bin hotuna a kwamfuta, duk baƙin ɗigon da ya yi kama da bakin rami in danna masa alama. Lissafi ya fito daidai da na bara, har ya ɗan ɗara, don jirgin ya hango ramukan da ƙafa ba ta kai ba. Na rubuta cewa damo na nan lafiya, na sa hannu. Da zagaye na biyu ya zo bayan tsananin zafi, aka maimaita, na sake sa hannu. Ba wanda ya tilasta mini. Aikin ya zo da sauƙi, ni kuma na karɓa.

Da zafin shekara ta gaba ya fara, an yi mana allurar rigakafi, muka fita ni da Abu Rashid. Muka fara da wata rauda mai kurna uku, inda a da kafin ƙarfe tara sai ka ƙirga kawuna har ka ɓata lissafi. Muka zauna. Tara ta yi, goma ta yi. Abu Rashid ya ajiye kofin gahawarsa ya ce, "Abu Usman, tashi."

Ramin farko gizo-gizo ya yi masa labule. Na biyu ma haka. A na uku na ga abin da ya tsayar da ni: busasshen taɓo ya tsattsage a bakin ramin, a wurin da aka yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ga sawun tayar babbar mota, ga guntun tiyo an yar. Wani ramin kuma bakinsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Abu Rashid ya shafa ya shinshina yatsansa. Ya ce tanki suke ɗorawa a bayan mota su ɗura wa ramin ruwa har damo ya fito neman numfashi. Wanda ba shi da tanki sai ya haɗa tiyo da salansar mota ya tura hayaƙi. Lokacin da aka rufe kasuwanni da wuraren shaƙatawa, sahara ce kaɗai ta rage a buɗe, samari suka yi ta kwarara cikinta.

Mako biyu muka yi muna bin ramukan da na danna wa alama, da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin manyan babu kowa. Ƙananan ne suka tsira, don ba su kai a ɓata musu ruwa ba. Damo kuwa sai ya shekara huɗu ko fiye kafin ya isa yin ƙwai.

Ana cikin haka wata safiya muka ci karo da su. Samari biyu ne da farar mota, tiyo na cikin rami, ruwa na zuba. Da suka ga motar gandu sai suka daskare. Abu Rashid ya sauka a hankali, ya yi musu sallama, ya tambayi ɗayan sunan mahaifinsa. Ashe ya san gidan. Ya buɗe buhun da ke bayan motar, damo uku a ciki an ɗaure musu ƙafafu. Ya ɗago ɗaya ya shafa cikinta, ya kamo hannun yaron ya ɗora a wurin.

"Ka ji? Ƙwai ne. Kakanka ya ci dabb a shekarun yunwa, ni ma na ci. Ɗaya yake ɗauka, kuma ba ya taɓa mai ciki. Kai yunwar me kake ji?"

Yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya nuna fili da hannu ya ce, "Baffa, ai ba za su ƙare ba. Dubi ramuka ko'ina."

Abu Rashid ya juyo ya kalle ni. Lissafin da yaron ya yi da ido daga kan mota, shi na yi a kwamfuta na sa wa hannu har sau biyu. Abu Rashid ya sa suka kwance damon da hannunsu, suka juye sauran ruwan tankin a gindin kurna, ya rubuta lambar motar, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku tafi. Zan zo gaishe da babanka."

Da na koma ofis na ajiye littafina a gaban Dakta Salwa. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Haj Haladu, ka san sa hannunka ne a kan rahotanni biyun farko."

Na ce na sani.

Ta ce akwai wani kamfanin yawon buɗe ido da ya ɗora shirinsa a kan rahotannin nan. Za su riƙa kai baƙin gasar ƙwallo cikin gandu ta hanyar da ta ratsa raudoji uku, an ba su izini ne don mun ce wurin zai iya ɗauka, kuma su ne manyan masu ba mu aiki a shekarar. In muka ce mun yi kuskure, za a tambaya sauran aikinmu fa. Ta tuna mini cewa kamfaninmu ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyina a ƙasar, takardar zamana a hannunsa take, haka ta sauran yaran.

"Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba," in ji ta. "Rubuta cewa an ɗan samu raguwa, ana ci gaba da bincike."

Na ce, "Dakta, ba ni safiya ɗaya. Ki zo ki gani, in kin dawo abin da kika ce shi zan rubuta."

Ta zo. Zafi ya riga ya kankama, iska kamar daga bakin tanderu. Ta zauna a ƙasa tare da mu sa'a uku a raudar nan mai kurna uku, ba abin da ya motsa sai ƙuda. Daga nan ta karɓi madubina ta bi ramuka da kanta, tana durƙusawa tana tashi, har gwiwoyin rigarta suka yi fari. Da motarmu ta hau kwalta sai ta juyo gare ni.

"Rubuta yadda yake. Ka rubuta har da yadda aka yi muka kuskure. Zan sa hannu a ƙasan naka."

Rahoton ya tafi. Hukumar da ke kula da gandun ta rufe raudojin uku, ta ƙara masu sintiri, ta ce kada mota ta kusance su. Kamfanin yawon ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri. Daga mu shida aka koma huɗu. Direbanmu ɗan Nepal da wani ɗan Sri Lanka mai zana mana taswira ba a sabunta musu kwantiragi ba, ni na raka su filin jirgi, kuma ba su suka ƙirga rami a kwamfuta ba. Ni aka bar ni, amma aka ce shekara biyu ba zan sa hannu a kan komai ba. Aka ba ni guduma da turaku da igiya da jan ƙyalle.

Haka gasar ta same ni. Doha ta cika ta batse, ko'ina tuta da ganguna, ni kuwa ina tsaye a wata mararraba cikin sahara ina juya motoci. Lokacin sanyi ne, damo duk suna ƙasa suna barci, mota mai nauyi in ta bi ta kan rami sai ta rufta da mai shi. Yawancin direbobi in sun ga igiya sukan juya. Wasu sai an yi musu magiya. Wata rana wata babbar mota ta tsaya, direban ya leƙo ya dube ni ya dubi hulata, sai na ji ya ce, "Baaba, sannu da aiki. Kana jin Hausa?" Awudu sunansa, ɗan zangon Kumasi. Ya ce baƙinsa daga nesa suka zo, an gaya musu akwai wani dodon sahara mai wutsiyar ƙaya, shi suke so su gani.

Na ce ba za su gan shi ba sai bayan wata uku, amma in za su sauko su taka da ƙafa zan nuna musu gidansa. Suka biyo ni su biyar da rigunan ƙwallo. Na kai su wani rami a wajen igiya, na haska musu da madubi, na nuna musu hoto a waya. Wata mata a cikinsu ta yi magana, Awudu ya juya mini: wai ta yaya na san yana ciki?

Na ce ya gaya mata ban sani ba. Kafin sanyi na gan shi, yau ban gan shi ba, sai zafi ya dawo zan sani.

Awudu ya ce, "Baaba, haka zan faɗa? Ka ce yana ciki mana, su ji daɗi."

Na ce haka zai faɗa. Wannan kalma ta "ban sani ba" ita ce mafi tsada a sana'ar nan, kuma sai da na tsufa na iya furta ta ba tare da na ji nauyi ba. Matar ta yi dariya, ta ɗauki hoton ramin, suka tafi.

Baƙi suka watse, aka sauke tutoci, sanyi ya wuce. Ranar da aka mayar mini da izinin sa hannu muka koma raudar da Abu Rashid. Ƙafarsa ta fara ba shi wahala, da sanda yake tafiya, ni nake ɗaukar masa butar gahawa da ledar dabino. An yi ruwa sau biyu a sanyin, kuma tun da aka kafa igiya taya ba ta taka wurin ba, ciyawa ta yi kore shar. Manyan ramukan suna nan yadda muka bar su, wasu rairayi ya cike su. Amma a gindin wani ɗan kurmin ƙaya na ga sabon rami, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, bakinsa a share. Muka ja da baya muka zauna.

Wajen ƙarfe tara da rabi wani ɗan kai ya leƙo. Ya daɗe yana duban duniya, sannan ya fito gaba ɗaya. Duk tsawonsa har wutsiya bai fi tafin hannuna ba. Ya baje a rana, ya kai baki ya tsinki wani ɗan fure rawaya.

Abu Rashid ya matse mini hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Sun dawo, Abu Usman. Rubuta, sun dawo."

Na buɗe littafi na rubuta: ƙarami, ɗaya. Ya leƙa ya gani.

"Ɗaya? Wallahi kai marowaci ne."

Na ce, "In ya kai shekara huɗu yana nan, ya yi ƙwai ko ya sa an yi, ka zo in rubuta maka abin da kake so."

Ya mayar da ido kan ɗan damon. Can ya ce, "Shekara huɗu. Ni da kai, wa ya sani."

Na ce Allah ne masani. Ya shanye sauran gahawarsa, ya kife kofin, ya miƙo mini hannu in ɗaga shi.

"Yalla, mu je," in ji shi. "Rami na gaba."